Wa ya ƙirga hayaƙin kamfani?

 

A makon jiya wani malaminmu ya shigo aji riƙe da wani littafi mai ƙyalli. Bangonsa kore shar, ga hoton ganye, ga yara suna dasa bishiya suna dariya. Rahoton wani babban kamfani ne a kan yadda yake kula da muhalli. Malam ya buɗe shafin da kamfanin ya ce ya rage hayaƙin da yake fitarwa da wani kaso mai tsoka, ya karanta mana, sannan ya cire tabarau ya ce, "Wa ya ƙirga?" Aji ya yi tsit. Can wani daga baya ya ce ai kamfanin ne. Malam ya ce, "To, da me ya ƙirga?" Har aka tashi babu wanda ya ba da amsar da ta gamsar da shi, ciki har da mu. Wannan ne ya sa muka shafe kwanaki muna bibiyar maganar, kuma duk inda muka bi sai mu yi karo da ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI.

Bari mu fara da abin da ake ƙirgawa. A da, abin da ake tambayar kamfani a ƙarshen shekara shi ne nawa ya kashe, nawa ya samu. Yanzu an ƙara wasu tambayoyi. Wuta nawa ya sha? Ruwa fa? Ina ya zuba dagwalonsa? Iskar da ke ɗumama duniya nawa ya saki? Manyan kamfanoni suna da ofis guda da ma'aikatansa saboda wannan aiki kawai, wato tabbatar da cewa kamfanin zai ci gaba da neman kuɗinsa ba tare da ya cinye ƙasa da ruwa da iskar da na baya za su rayu da su ba. Galibi kuma matsin lamba ne ya sa suke yi. Masu zuba jari suna tambaya, bankuna suna tambaya kafin su ba da bashi, gwamnatoci kuma sun fara mayar da abin doka. Ko a nan Najeriya an sa hannu a dokar sauyin yanayi a 2021, kuma a shekarar ce marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron Glasgow cewa nan da 2060 ƙasar za ta kai matakin da hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake iya shanyewa ba.

Ƙirgar ce ke da wuya. Ku ɗauki gidan burodin unguwarku a matsayin misali. Akwai itacen da ake ƙonawa a tanda, da man da janareta ke sha, da fetur ɗin motar da ke raba burodi. Wannan hayaƙin nasu ne kai tsaye, shi ne kashi na farko. Akwai wutar da suke saya daga kamfanin lantarki. Ba a gidan burodin aka ƙona gas ɗin da ya samar da ita ba, amma saboda su aka ƙona, wannan kashi na biyu. Sai na uku, wanda ke sa masu lissafi ciwon kai: takin da aka zuba wa alkama a wata ƙasa, jirgin ruwan da ya kawo ta Legas, tirelar da ta hauro da fulawa, ledar da aka ƙunshe burodin, har da inda ledar ta ƙare bayan kun ci kun yar. Wannan rabo gida uku shi ne tsarin da yawancin kamfanonin duniya ke bi, an fara fitar da shi a 2001. A kamfanoni da yawa kashi na ukun ne ya fi sauran biyun girma nesa ba kusa ba, kuma shi ne wanda mai kamfani ba ya gani da idonsa.

To gidan burodi ɗaya kenan. Ku yi tunanin kamfanin da ke sayen kaya daga dubban dillalai a ƙasashe da dama, kowa da irin rasidinsa, wani ya rubuta lita, wani galan, wani ma da biro a takarda. Kafin akawu ya gama harhaɗa na bana, baɗi ta shigo. A nan ƙirƙirarriyar basira ta fara samun wurin zama, domin tana iya karanta tarin rasidai da takardun wuta cikin ɗan lokaci, ta jera su, ta ɗaga hannu idan ta ga lambar da ba ta yi kama da 'yan uwanta ba. Aikin ba shi da armashi, amma ana yin sa sosai.

Labarin da ya fi burge mu shi ne na Google. Duk lokacin da kuka kalli bidiyo a YouTube ko kuka nemi wani abu a intanet, wasu kwamfutoci ne ke aikin a can wani ƙaton gini da ake kira cibiyar adana bayanai. Dubban kwamfutoci ne jere a kan kantoci, dare da rana ba sa hutawa. Kun san yadda waya ke ɗaukar zafi idan an daɗe ana wasa da ita. To ku ninka wannan sau dubbai. Idan ba a sanyaya su ba za su lalace, don haka akwai famfunan tura ruwa, da fankoki, da manyan injinan sanyi, su ma duk wuta suke sha.

Matsalar ita ce waɗannan injina suna shafar juna ta hanyoyin da ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ba za ta iya riƙewa ba. Ka rage gudun wannan famfo, wancan injin ya ƙara wahala. Yanayin waje ya canza, komai ya canza. Injiniyoyi suna aiki da ƙa'idojin da suka saba da su, kuma suna barin rata mai yawa don gudun kada wani abu ya ƙone.

A 2014 Google ya sayi wani kamfani na birnin Landan mai suna DeepMind. Wataƙila wasunku sun ji labarinsa, domin shi ne ya ƙera manhajar AlphaGo da ta doke gwarzon wasan Go, Lee Sedol, da ci 4 da 1 a birnin Seoul a watan Maris na 2016. 'Yan watanni bayan haka, a watan Yuli, kamfanin ya ba da wata sanarwa da ba ta yi amo kamar ta wasan ba, amma a ganinmu ta fi ta amfani. Sun tattara bayanan da dubban na'urorin awo suka daɗe suna adanawa a cibiyoyin Google, na zafi, da ƙarfin wuta, da gudun famfuna, suka ba manhaja ta yi ta nazari har ta koyi yin hasashe: idan aka saita injina kaza da kaza, zafi zai kai kaza nan da awa guda, wuta kuma za a sha kaza. Daga nan sai ta riƙa ba ma'aikata shawarar yadda za su saita. Suka ce wutar da ake kashewa wajen sanyaya ta ragu da abin da ya kai kashi 40 cikin 100.

Ku lura, wutar sanyaya aka ce, ba dukkan wutar ginin ba. Mun ga wurare da dama da aka ba da labarin kamar an rage wutar cibiyar gaba ɗaya da kashi 40, kuma ba haka ba ne. Irin wannan ƙaramin bambanci shi Malam yake so mu riƙa kamawa.

A 2018 suka ƙara gaba. Maimakon manhajar ta ba da shawara mutum ya aiwatar, sai aka ba ta damar taɓa injinan da kanta. Kowane minti biyar tana duba halin da ginin yake ciki, ta zaɓi abin da za ta yi, a tantance shi da ƙa'idojin tsaro da injiniyoyi suka gindaya, sannan a aiwatar. Ma'aikaci yana nan zaune, kuma duk lokacin da ya ga dama zai iya karɓe ragamar. A wannan karon sun ce ragin ya tsaya a wajen kashi 30 a matsakaici. Har sun ba da labarin cewa manhajar ta gano da kanta yadda za ta ci moriyar sanyin hunturu ta samar da ruwa mai sanyi fiye da yadda aka saba, abin da ya rage wa injinan aiki. Babu sabon injin da aka saya. Tsofaffin ne aka koyi tuƙa su da kyau.

Kamfanin raba saƙonni na UPS a Amurka ya yi makamancin haka da motocinsa. Yana da wata manhajar lissafi mai suna ORION da ke tsara wa direba hanyar da zai bi kowace rana, kuma an san kamfanin da guje wa kwanar hagu in dai da hali. A Amurka hannun dama ake tuƙi kamar a nan, don haka mai kwanar hagu sai ya tsaya jiran motocin da ke tahowa su wuce, inji yana ta shan mai a banza. Kamfanin ya ce tsarin yana rage masa tafiyar mil miliyan 100 da man da ya kai galan miliyan 10 a shekara. Duk ɗan adaidaita sahu ya san wannan dabara a unguwarsa, bambancin kawai shi ne yi wa dubban direbobi lissafin a lokaci guda.

Duk waɗannan misalai na kamfanin da ke gyara cikin gidansa ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma akwai wani amfanin da ya fi jan hankalinmu, wato leƙa kamfani daga waje. Taurarin ɗan'adam suna ɗaukar hoton doron ƙasa kullum, hotunan da babu mutanen da za su iya zama su duba su ɗaya bayan ɗaya. Manhaja tana iya koyon bambanta daji da gona, ta kwatanta hoton watan jiya da na yau, ta nuna inda aka sare. A 2018 Nestlé ya sanar da cewa zai yi amfani da wani tsari mai suna Starling, wanda kamfanin Airbus ke cikin waɗanda suka samar da shi, don sa ido a kan wuraren da yake sayen manja, ko ana share daji don dasa kwakwar. Tarayyar Turai kuma ta yi doka a 2023 da ta ce mai son shigar da koko, ko kofi, ko manja, ko katako da wasu kayayyaki kasuwarta, sai ya nuna ainihin inda gonar take a taswira, a tabbatar ba dajin da aka sare bayan ƙarshen 2020 ba ne. Wannan ya shafi manoman koko na Ghana da Kwaddibuwa da kudancin Najeriya kai tsaye. Manomin da bai taɓa riƙe kwamfuta ba, wata manhaja a wata nahiya tana iya zama sanadin a sayi kayansa ko a ƙi. Idan ta yi kuskure ta ɗauki tsohuwar gonarsa a matsayin sabon sara, wa zai kai wa ƙara? Wannan tambayar ta tsaya mana a rai.

A yankin Neja Delta ma ido daga sama yana aiki. Kamfanonin mai sun daɗe suna ƙona iskar gas da ke fitowa tare da ɗanyen mai, wuta tana ci dare da rana a kusa da garuruwan mutane. Tun 1979 aka yi dokar da ta sa 1984 a matsayin wa'adin dainawa, ga shi har yau ana yi, kuma rahoton da Bankin Duniya ke fitarwa duk shekara yana sa Najeriya cikin ƙasashe goma da suka fi ƙonawa. Shekaru da yawa kamfanin da ke ƙonawa shi ne ke faɗin adadin da ya ƙona, a kan wannan adadin kuma ake cin sa tara. An ba kura ajiyar nama kenan. Yanzu hukumar NOSDRA tana da shafin da ke amfani da tauraron ɗan'adam mai hango zafin wuta da dare, a lissafa yawan gas ɗin daga ƙarfin zafin, kuma kowa zai iya shiga ya duba. Akwai kuma wata gamayya mai suna Climate TRACE, wadda tsohon mataimakin shugaban Amurka Al Gore yake cikin waɗanda suka kafa, da ke haɗa hotunan taurari da ƙirƙirarriyar basira don kimanta hayaƙin tashoshin wuta da masana'antu a faɗin duniya ba tare da jiran abin da masu su za su faɗa ba.

Da a nan muka tsaya da kun ce an gama magana. Ba a gama ba.

Ita kanta ƙirƙirarriyar basirar a cikin waɗancan cibiyoyi masu zafi take rayuwa, kuma cinta ya fi na sauran ayyukan kwamfuta. Hukumar Makamashi ta Duniya ta kimanta cewa a 2024 cibiyoyin adana bayanai sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na dukkan wutar lantarkin duniya, kuma tana hasashen adadin zai ninka fiye da sau biyu nan da 2030. Da muka kwatanta da megawat 4,000 zuwa 5,000 da babban layin wutar Najeriya ya saba rabawa, sai muka ga abin da cibiyoyin suka sha a shekarar ya kai kusan ninki goma na abin da layin namu ke bayarwa a shekara. Google ɗin da muka gama yabo, a rahotonsa na 2024 ya bayyana cewa hayaƙinsa na 2023 ya kai tan miliyan 14.3, wato ya ƙaru da kashi 48 cikin 100 a kan na 2019, kuma ya danganta hakan musamman da wutar cibiyoyinsa da kayan da ake ƙera masa. Microsoft ma a shekarar ya ce nasa ya ƙaru da kusan kashi 29 a kan na 2020. Dukansu biyu sun yi manyan alkawura a kan 2030. Mun yaba musu da suka buga lambobin da kansu, amma lambobin ba su yi kyau ba.

Yaya za a yi a rage wutar sanyaya amma hayaƙi ya ƙaru? Wani masanin tattalin arziki ɗan Ingila, William Stanley Jevons, ya lura da irin wannan tun 1865. Ya ga cewa da aka inganta injinan tururi suka rage cin kwal, sai ƙasar ta ƙara yawan kwal ɗin da take ƙonawa, saboda abin ya yi araha, kowa ya sayi inji. Kamar wanda ya canza babur zuwa marar shan mai ne, sai ya ga ai yanzu ko kanti zai je sai ya hau. Kowace kwamfuta ta rage ci, amma an gina sababbin cibiyoyi barkatai.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya iya canzawa. Siminti yana da alhakin kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. A masana'antu irin na Obajana da Ashaka da Kalambaina ana gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450. Manhaja za ta iya taimakawa a daidaita wutar tandar a rage asarar mai. Sai dai fiye da rabin iskar daga jikin dutsen kansa take fita idan ya gasu, kamar yadda 'yan ajin kimiyya suka gani a darasin sinadarai. Wannan sai an sauya yadda ake haɗa simintin, ko a samo hanyar kama iskar.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi komawa ga tambayar Malam: manhaja tana yin abin da mai ita ya sa ta ne. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya saka wata manhaja a motocinsa masu amfani da dizal, wadda ke gane lokacin da ake gwada mota a ɗakin gwaji, sai ta sa injin ya rage hayaƙi. Da zarar an hau titi sai ya koma fitar da iska mai guba da ta kai har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa a duniya. Wannan ba ƙirƙirarriyar basira ba ce irin ta yau, amma ku duba yadda aka yi amfani da kwamfuta don lambobi su yi kyau a takarda. Waɗanda suka fara gano bakin zaren kuwa wata 'yar ƙaramar tawaga ce daga jami'ar West Virginia, har da ɗalibai a cikinta. Na'urar awo suka ɗaura wa motocin suka fita titi da su, suka ga lambar titi ta saɓa da ta ɗakin gwaji. Yau da manhaja za ta iya rubuta rahoto mai shafi ɗari da zaƙin baki cikin minti kaɗan, shafa wa kamfani koren fenti ya ƙara sauƙi, don haka ana ƙara bukatar masu fita titi da na'urar awo.

Wannan ne ya sa muka ga maganar ta shafe ku. Hukumar da ke kula da rahoton kuɗi ta Najeriya ta rungumi sababbin ƙa'idojin duniya na rahoton ɗorewa da aka fitar a 2023, kuma ana sa ran za su zama dole ga manyan kamfanoni cikin 'yan shekarun nan. Za a nemi akantocin da suka iya lissafin tan na hayaƙi kamar yadda suka iya na naira, da injiniyoyi, da masana sinadarai da za su ɗebi ruwan kogi irin na Challawa da ke kusa da majemun Kano su auna, da masana taswira da za su iya cewa manhaja ta yi kuskure a wannan gonar. Duk wanda yake gudun darasin ƙididdiga ko labarin ƙasa saboda wai ba su da amfani, ya sake tunani kafin ya cike fom ɗin jarrabawa.

Ga aikin wannan makon. Lita ɗaya ta dizal idan ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, ta fetur kuma kusan kilo 2.3. Ku je wurin mai kula da janaretan makarantarku, ku gaishe shi da ladabi, ku tambaye shi lita nawa yake zubawa a rana. A ce lita 20 ce ta dizal. Kilo 54 kenan a rana. Idan ana kunnawa kwana biyar a mako na tsawon mako 12, an samu kilo 3,240 a zango ɗaya, nauyin buhun siminti kusan 65. Ku yi naku da ainihin lambar makarantarku, ku rubuta wanda ya ba ku lambar da yadda shi ma ya san ta, ko daga rasidi ne ko daga ƙwaƙwalwa.

Sai tambayar gasa. Lita ɗaya ta dizal ba ta kai kilo ɗaya a sikeli ba. Ta yaya abin da bai kai kilo ɗaya ba zai haifar da iska mai nauyin kilo 2.7? Ku tuna abin da wuta ke bukata kafin ta ci, ku duba nauyin sinadaran a jadawalin da ke bayan littafinku. Ku aiko da amsa tare da suna da aji da makaranta, za mu buga sunayen mutum biyar na farko da suka dace a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.